Mako Ɗaya Cikin Ɗari da Huɗu: Nazari Kan Masu Riƙe da Bikin Fina-finai na Wagadugu

Duk bayan shekara biyu, wajen ƙarshen watan Fabrairu, birnin Wagadugu na ƙasar Burkina Faso yakan cika ya batse da baƙi. Masu shirya fina-finai daga sassan Afirka, da 'yan jarida, da dillalan fina-finai daga Turai, da masu zuwa kallo zalla, duk sukan yi tururuwa zuwa bikin da aka fi sani da FESPACO. A daren rufewa idon kowa yana kan mutum ɗaya, wanda za a miƙa wa mutum-mutumin gimbiya Yennenga bisa ingarman dokinta, riƙe da mashi, haɗe da kyautar saifa miliyan 20. Hotonsa ne zai shiga jaridu washegari. Waɗanda suka aika takardun gayyata, suka tace fina-finan da za su shiga gasa, suka yi ta safa da marwa tsakanin ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suna neman kuɗi, ko sunayensu ba a cika sani ba. Su ne abin nazarina a wannan maƙala.

Na zaɓe su ne domin hukuncin da suke yankewa a ofis ya fi kowace kyauta tasiri a rayuwar mai shirya fim na gida. Su ne ke cewa wannan ya isa a kira shi fim, wancan bai kai ba. Ina kuma so in auna su da mudun da ba a saba auna masu biki da shi ba. Shekara biyu mako 104 ce, bikin kuwa mako ɗaya yake ci. To me yake rage wa mai shirya fim na Wagadugu, ko na Bobo Julaso, ko na Yamai, a sauran makonni 103, bayan an naɗe tabarma baƙi sun hau jirgi?

Asalin bikin ƙaramin abu ne. A watan Fabrairu na 1969 wasu 'yan tsirarun masu sha'awar silima, galibinsu ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida da suke haɗuwa a ƙungiyar kallon fim ta cibiyar al'adun Faransa da ke birnin, suka shirya makon nuna fina-finan Afirka. Shugaban cibiyar, wani Bafaranshe mai suna Claude Prieux, yana cikinsu, haka ma François Bassolet na ma'aikatar yaɗa labarai. Wadda suka ɗora a kan shugabancin kwamitin ita ce Alimata Salembéré, ma'aikaciyar gidan talabijin, wadda a lokacin ba ta cika shekara 30 ba. Ƙasashen Afirka biyar ne suka kawo fina-finai, Nijar na cikinsu. Babu gasa, babu kyauta, babu alƙalai. Abin mamaki ma, ƙasar da ta karɓi baƙuncin, wadda ake kira Haute-Volta a zamanin, ba ta da dogon fim ko guda ɗaya na kanta. Mutanen nan ba su kira biki don su nuna abin da suke da shi ba. Abin da ya dame su shi ne, ɗan Afirka yana biyan kuɗinsa ya shiga silima, ya ga kaboyi, ya ga Indiya, ya ga Faransa, amma bai taɓa ganin fuskar da ta yi kama da tasa a bango ba. Damuwarsu ta ɗan kallo ce. Ya kamata a riƙe wannan da kyau, domin daga baya damuwar ta sauya gida.

Dalilin da ya sa ɗan kallo ba ya ganin fim ɗin Afirka ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne ke riƙe da gidajen silima da hanyar raba fina-finai a kusan duk ƙasashen da Faransa ta raina a Afirka. Sukan sayo tsofaffin fina-finai da araha su yi ta juya su daga gari zuwa gari, kuma ba su da wata riba a fim ɗin da ɗan ƙasa ya yi. A farkon 1970 kamfanonin suka nemi ƙara kuɗin shiga silima, gwamnatin Janar Sangoulé Lamizana ta ƙi, suka rufe gidajensu suna zaton za a lallashe su. Sai gwamnati ta karɓe gidajen, ta kafa kamfanin ƙasa mai suna SONAVOCI ya gudanar da su. Kamfanonin Faransawan suka yi ƙoƙarin hana ƙasar samun fina-finai, aka sha wuya, amma ba a mayar musu ba. Daga kuɗin tikiti aka riƙa ware wani kaso don shirya fim, kuma da irin wannan kuɗi ne aka yi dogon fim na farko na ƙasar, Le Sang des parias na Mamadou Djim Kola.

A ganina, wannan shi ne aiki mafi girma da aka taɓa yi wa mai shirya fim na gida a Wagadugu, kuma ba a dandalin biki aka yi shi ba. An haɗa abu uku da kowace sana'ar fim take tsaye a kansu: wurin nunawa, da mai biyan kuɗin kallo, da hanyar da kuɗin zai koma hannun mai yin fim na gaba. Bikin ya zo ne a matsayin ado a kan ginin da ke da harsashi. Duk wanda ya karanta tarihin FESPACO ya tsallake 1970 ya fara daga jerin waɗanda suka ci kyauta, ya fara karatu daga tsakiyar shafi.

A watan Janairu na 1972 gwamnati ta mayar da bikin hukuma da doka, aka sa masa sunan da yake amsawa yau, aka ƙirƙiro kyautar Yennenga. Ita Yennenga, a labarin Mosawa, 'yar sarki ce daga arewacin Ghana ta yau, wadda dokinta ya gudu da ita daji, ta haifi ɗa aka sa masa Ouédraogo, wato ingarma, kakan sarakunan Mosi. Wanda ya fara ɗaukar wannan kyauta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ganda Bazabarme ne na Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, a can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim. Labarin da ya ci kyautar da shi ba baƙo ba ne ga kowane Bahaushe: wani attajiri ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya aure ta ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini. Alƙalan farko sun zaɓi fim da aka yi da harshen gida, a kan matsalar cikin gida, wanda tsohuwa a Yamai za ta fahimta ba tare da tafinta ba. Sun kafa misali mai kyau.

Sai dai a duba abin da kyautar ta iya da wanda ba ta iya ba. Ganda ya rasu a ranar farko ta 1981. An sa sunansa a cibiyar al'adu ta Yamai, FESPACO ma ta sa sunansa a kyautar da take bai wa wanda ya yi dogon fim ɗinsa na fari. Amma sana'ar fim a Nijar, wadda a shekarun 1960 da 1970 take sahun gaba a yammacin Afirka da irin su Ganda da Moustapha Alassane, ta durƙushe ba da jimawa ba. Zalika Souley, wadda ta fito a fim ɗin na Ganda kuma tana cikin matan farko da suka yi suna a fim a wannan yanki, ta tsufa cikin ƙunci. Rahmatou Keïta ta ɗauki rayuwarta a fim mai suna Al'lèèssi, inda aka ga tauraruwar jiya a ɗan gidanta na Yamai tana fama da abin masarufi. Dokin Yennenga ya shiga Nijar tun kafin kowace ƙasa, bai kuwa hana gidajen silimar Yamai mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Ba laifin masu biki ba ne, amma darasi ne da ya kamata su ɗauka tun da wuri game da iyakar abin da kyauta take yi.

Shigar gwamnati cikin bikin ta zo da alheri da kuma farashi, kuma ba za a yi adalci ba sai an faɗi duka biyun. Alherin shi ne ɗorewa. An yi bikin a 1969 da 1970 da 1972 da 1973 da 1976, sannan daga 1979 ya zauna a kan duk shekara biyu, a shekarun da ba su raba daidai, don kada ya ci karo da na Kartaj a Tunisiya wanda ya girme shi da shekara uku. Tun daga nan ba a fasa ba. An yi juyin mulki ba sau ɗaya ba, an kashe shugaban ƙasa, ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009 ta shiga ma'ajiyar fina-finan Afirka da bikin ya kafa a 1989 ta lalata kaya masu yawa, 'yan bindiga sun kai hari tsakiyar birnin a Janairu 2016, annobar korona ta sa aka ɗage na 2021 zuwa Oktoba, sojoji sun karɓi mulki sau biyu a 2022. Duk da haka ana buɗe ƙofa. Wanda ya san yadda hukumomi suke mutuwa a ƙasashenmu da zarar wanda ya kafa su ya sauka, zai jinjina wa mutanen da suka riƙe abu ɗaya sama da shekara 50 a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya.

Zamanin Thomas Sankara ne bikin ya zama na jama'ar gari sosai. Ya fitar da shi tituna, ya buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata na Amurka da tsibiran Karebiyan, har a 1985 baƙin biki suka je suka taya aikin shimfiɗa layin dogo da hannunsu. A wannan zamani ne aka yi fim ɗin da ya fi shafar Hausawa a duk tarihin kyautar. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani a kan Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi a 1899. A Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin, sai hukumomin can suka janye, Burkina Faso ta ce a zo a yi a ƙasarta. Sarraounia ya ci kyautar Yennenga a 1987. Abin alfahari ne, amma akwai ɗan ɗaci a ciki ga mai jin Hausa, domin Sarauniyar Azna, wadda Aï Keïta ta Burkina ta fito a matsayinta, da harshen Jula take magana. Wanda ya ba da masauki shi ya ba da harshe.

Farashin kuwa shi ne, shugaban bikin ma'aikacin gwamnati ne, majalisar ministoci ke naɗa shi, ma'aikatar al'adu ke riƙe da jakarsa. Uku daga cikin waɗanda suka shugabance shi, Alimata Salembéré da Filippe Savadogo da Baba Hama, duk sun zama ministocin al'adu daga baya. Wannan yana nuna darajar kujerar, yana kuma nuna inda fuskar mai zama a kanta take kallo. A shekaru 27 na mulkin Blaise Compaoré bikin ya zama rigar ado da gwamnati take sawa idan baƙi za su zo. An kashe ɗan jarida Norbert Zongo a Disamba 1998, ƙasar ta ɗauki zafi, bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka buɗe biki kamar yadda aka saba. Da wasu matasa suka yi fim a kan kisan, mai suna Borry Bana, sai ya rasa zauren da zai karɓe shi a ƙasar da ake kira babban birnin silimar Afirka. Daga wannan ƙunci ne aka haifi wani bikin daban a 2005, Ciné Droit Libre, na fina-finan haƙƙin ɗan Adam. Idan mai shirya fim na gida ya taɓo abin da ya fi damun gida, kuma sai ya kafa nasa biki kafin a kalle shi, to akwai tambayar da masu babban biki ba su amsa ba.

Amma babban zargina a kansu ba na siyasa ba ne. Na wata ƙa'ida ce da ta yi kama da ƙaramar maganar fasaha, alhali ita ta raba 'ya'yan gida da bare na tsawon shekaru. Har zuwa bikin 2013, fim ba ya shiga gasar dokin Yennenga sai an kawo shi a naɗi mai faɗin milimita 35, irin wanda ake ɗora wa injin majigi na manyan gidajen silima. Shi wannan naɗi tsada gare shi tun daga sayensa, kuma ba a wanke shi a haɗa shi sai a ɗakunan aiki na musamman, waɗanda kusan duk suna Turai ko arewacin Afirka. Mai shirya fim a Wagadugu ko Bamako ba shi da wannan kuɗi, ƙasarsa ma ba ta da shi. Dole ya rubuta takardar neman tallafi da Faransanci, ya aika wa ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, ko ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ko Tarayyar Turai, ya jira. Mutum yakan shafe shekara biyar ko fiye tsakanin fim da fim. Wanda kuma ya biya kuɗin kiɗa, ko bai ce komai ba, makaɗi ya san irin taken da yake so. Ba na cewa fina-finan da aka yi ta wannan hanya ba su da kyau. Finye na Souleymane Cissé da Tilaï na Idrissa Ouédraogo da Buud Yam na Gaston Kaboré ayyuka ne da za su daɗe ana kallo. Abin da nake cewa shi ne, ƙa'idar ta sa hanyar zuwa Wagadugu ta bi ta Paris.

A daidai wannan lokaci wani abu yana faruwa a maƙwabta. A Kano an fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, a Legas da Akara ma kasuwar bidiyo ta buɗe. Cikin shekara goma fina-finan Hausa sun kai Yamai da Damagaram da Agadas da zangon Kumasi da Njamena, babu tallafin kowa, kuɗin 'yan kallo ne ke juya su. Ana iya kushe su ta fuskoki da yawa, ni ma ina da nawa ƙorafin a kan gaggawarsu da kwaikwayon Indiya da ya yi musu katutu. Amma burin mutanen 1969, wato ɗan Afirka ya ga kansa a allo da harshensa, a nan ya cika, a kan kaset mai araha. Masu biki suka ware wa bidiyo wani ɓangare na gefe tare da shirye-shiryen talabijin, suka hana shi babban zaure. Lokacin da ɗan Najeriya ya ci dokin Yennenga a 2007, Newton Aduaka ne da fim ɗinsa Ezra, mazaunin Paris, da kuɗin kamfanonin Faransa. Fim ne mai kyau, a kan yaran da ake sawa yaƙi. Amma ƙasar da take fitar da fina-finai fiye da kowace a nahiyar ta shiga ne ta ƙofar da 'yan kasuwar fim ɗinta ba su san da ita ba.

Ba sai an je Kano ba ma. A cikin Wagadugu kanta, Boubakar Diallo, ɗan jarida mai jaridar barkwanci, ya fara yin fina-finai da kyamarar dijital a 2004, labaran 'yan sanda da na soyayya, da 'yan wasan gari da kuɗin tallace-tallacen gari. Mutane suka yi layi a ƙofar silima don su kalla, a lokacin da gidajen suke kukan rashin masu shiga. Ga mai shirya fim na gida, ga 'yan kallo na gida, ga kuɗi yana komawa fim na gaba, wato abu ukun nan na 1970 sun sake haɗuwa. Ƙa'idar bikin garinsu ba ta san da irin wannan aiki ba sai an kai shi Turai an juye shi a naɗi. Sai a 2013, da wasu fina-finan da aka riga aka zaɓa suka iso babu naɗin, rigima ta tashi a tsakiyar biki, sannan shugaban lokacin, Michel Ouédraogo, ya sanar cewa daga 2015 za a karɓi dijital. A lokacin manyan kamfanonin duniya da kansu sun kusa gama barin naɗin. An buɗe ƙofa bayan bango ya riga ya faɗi.

Masu kare su suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce an daɗe ana yi wa Afirka kallon mai yin abu rabi-rabi, don haka dole a sami wuri ɗaya da za a ce ga ma'auni, wanda ya kai shi zai iya tsayawa a kowane zaure na duniya. Sukan ce kuma biki ba kamfanin raba fina-finai ba ne, kuma an gwada wancan ɗin ya gagara. Gaskiya ne an gwada. Ƙasashe 14 sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta raba fina-finai, CIDC, da hedikwata a Wagadugu ƙarƙashin Inoussa Ousseini na Nijar, ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, ta mutu a tsakiyar shekarun 1980 domin ƙasashen ba sa biyan abin da ke kansu. Makarantar koyon fim ta INAFEC da aka buɗe a 1976, wadda ta yaye Idrissa Ouédraogo da Fanta Régina Nacro, an rufe ta bayan kimanin shekara goma. Kamfanin silima na ƙasa, wanda ya koma SONACIB, bashi ya cinye shi a farkon shekarun 2000. Shugaban biki ba shi ya yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na yarda. Amma da harsashin ya zube, masu biki sun ci gaba da gyara ado kamar ba abin da ya faru, kuma ƙa'idar da suka riƙe ta hana su ganin sabon harsashin da talakawa suke ginawa da kaset a gefensu.

Wanda ya fi kowa fito da wannan a fili ɗan Kamaru ne, Jean-Marie Teno, a fim ɗinsa Lieux saints na 2009. Ya zo biki, sai ya bar manyan otal ya shiga wata unguwar talakawa a tsakiyar Wagadugu, ya sami wani ɗan gidan kallo, da benci da talabijin ɗaya, wanda da rana mutane sukan shimfiɗa tabarma su yi salla a ciki, da dare a nuna fim. Mai gidan yana nuna karate da Indiya da Amurka, domin faifansu na jabu yana da araha a kasuwa. Yana son ya nuna fina-finan Burkina, masu kallonsa ma suna so, amma ko dai babu su, ko kuɗinsu ya fi ƙarfinsa. Fim ɗin Idrissa Ouédraogo, ɗan garin, ya fi sauƙin samu a Paris. Tsakanin wannan gidan kallo da dandalin da aka gina wa masu shirya fim hasumiya, inda ake zuba ruwa a ƙasa duk biki don tunawa da magabata, tafiyar ƙafa ce. Shekara 40 bayan kwamitin Salembéré, ɗan kallon da aka kafa bikin dominsa yana zaune inda aka same shi.

Alex Moussa Sawadogo, wanda aka naɗa shugaban bikin a 2020, ya fito ne daga harkar shirya bukukuwan fim, ba daga ofishin minista ba, kuma an ga alamar hakan. An kafa kwamitin tace fina-finai da ya haɗa masana daga ƙasashe daban-daban, an buɗe tarurrukan horar da matasa, an ƙirƙiro tallafi ga fina-finan da aka ɗauka amma kuɗin kammala su ya yanke. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin shi ne karo na farko da bikin ya sa hannu a fim tun yana kan wuta maimakon ya jira a kawo masa a akushi. Karɓar dijital kuma ta shigo da muryoyin da da ba za a ji ba. A 2021 Aïcha Macky ta zo da Zinder, fim na gaskiya da Hausar Damagaram, a kan matasan unguwar Kara-Kara, ta koma da kyaututtuka. Amma har zuwa bikin 2025, wanda Dani Kouyaté ya ci, mace ba ta taɓa ɗaukar babban dokin ba, a bikin da mace ta fara shugabanta kuma kyautarsa take ɗauke da sunan mace. Apolline Traoré ta zo ta biyu a 2023 da Sira. A bikin cika shekara 50 a 2019 ne kuma 'yan wasa mata suka tashi a bainar jama'a suka faɗi irin cin zarafin da ake yi musu a wuraren ɗaukar fim, abin da manyan sana'ar suka daɗe da sani suka yi shiru.

Maganar gidajen kallo kuwa tana nan. Sabon gidan silima na zamani da aka buɗe a Wagadugu a 2017, Canal Olympia, kamfanin Faransa ne ya gina shi, kuma Yennenga aka sa masa suna. Jikokin COMACICO sun dawo da sunan gimbiyar a goshinsu. A Bobo Julaso, garin su Alimata Salembéré, tsohon gidan silima na Guimbi, wanda aka gina tun kafin 'yancin kai, an rufe shi a 2005, birni na biyu a ƙasar ya wayi gari kusan babu inda za a kalli fim a babban allo. Wata ƙungiya ce ta masu shirya fim da mazauna unguwa, ƙarƙashin Berni Goldblat, ta sayi filin, ta yi ta neman gudummawa a gida da waje, har da sayar da kujeru da sunan masu bayarwa, aka shafe shekaru ana gini ana tsayawa. A 2021 aka buɗe ƙaramin zaurensa, kuma ba ya jiran Fabrairun shekarar biki kafin ya kunna majigi.